Furen da Na Ɓoye wa Yayana

Ni dai tun ina ƙarama an san ni da surutu. In aka yanka kaza a gidanmu, kafin a gama fige ta maƙwabta sun ji labari a bakina. Kakata ta wajen uba, wadda muke kira Dada, ita ta yaye ni, a ɗakinta kuma na tashi. Takan dube ni ta girgiza kai ta ce, "Kulu, ranar da aka raba baki ke kika fara isa wurin, kika kwashi naki kika haɗa da na mutane." To ni ɗin nan mai wannan baki, abu ɗaya tak na taɓa riƙewa a cikina shekara da shekaru ban gaya wa kowa ba. Shi ne kuma abin da har yau in na tuna nake cewa da ma na faɗa.

Ƙauyenmu yana tsakanin Sule Tankarkar da Maigatari. Fulanin zaune ne mu, muna noman gero da wake, muna da 'yan shanunmu. In Dada za ta yi faɗa, da Fillanci take yi, don ya fi shiga jiki. Tatsuniya kuwa da Hausa take ba mu, saboda yaran maƙwabta da ke zuwa. Bayan an kai amfanin gona rumbu, sanyi ya fara, da an yi magariba an ci tuwo sai ta hura wuta a ƙofar ɗakinta da kara da busasshen kashin shanu, ta tura gurjiya cikin toka. Mu zauna mu miƙa tafin hannu. Yayana Buba, wanda ya girme ni da shekara biyar, shi ke da aikin tono gurjiyar, kuma duk mun san rabin ta a bakinsa take ƙarewa.

Ba ta fara tatsuniya yadda sauran tsofaffi ke farawa. Cewa take, "Ku ba ni kunne, ku ajiye baki." Mu amsa, "Mun ba ki, mun ajiye." Sai ta nuna ni da sandar da take gyara wuta ta ce, "Ban da waccan. Nata ba ya ajiyuwa."

Tatsuniyoyinta da yawa na dariya ne. Amma akwai ɗaya da ba ta wuce ta yi mana sau ɗaya a shekara, kuma in za ta yi ta muryarta takan sauka. Tatsuniyar Baƙuwa ke nan.

Wai a wani gari an yi shekarun da yara ke ramewa bayan yaye, ciki ya kumbura, ƙafa ta kanƙance, su yi ta tafiya ɗaya bayan ɗaya. Ranar da aka yi ruwan farko, sai wata yarinya ta yi sallama a ƙofar wata tsohuwa. Kyakkyawa ce, ɗaure da zane shunayya, ba takalmi, ba ƙunshin kaya. Tsohuwa ba ta tambaye ta daga ina ba, ta ɗebo ruwa ta ba ta. Yarinya ta leƙa ɗaki ta ga jikan tsohuwa kwance, ya zama ƙashi da fata. Sai ta ɓalle ɗan yatsanta guda ta miƙa, ta ce a shanya, a daka, a dama masa da nono. Kafin kwana bakwai yaro ya tashi yana neman tuwo.

Yarinya ta kai tsohuwa wani kwari a daji ta nuna mata inda take kwana. Ta ce, "Iya, duk shekara zan zo da ruwan farko, in ba ki yatsa ɗaya. Kafin in dawo wani ya tsiro. Abin da na roƙe ki, kada kowa ya san makwancina." Haka aka yi shekaru, tsohuwa na ba yaran gari magani, ba wanda ya san inda take samowa.

Ita tsohuwar tana da 'ya mai surutu. Duk lokacin da Dada ta zo nan sai yara su juyo su dube ni, ni kuwa in murguɗa baki. Wata shekara 'yar ta bi sawun uwarta a ɓoye, ta ga komai. Ba ta yi shela ba, ƙawarta ɗaya kawai ta raɗa wa a bakin rijiya. Kafin azahar ba gidan da labari bai shiga ba. Maza suka ɗauki gatari da fartanya suka nufi kwari, kowa yana so Baƙuwa ta koma gidansa da zama. Wannan ya ja hannu, wancan ya ja ƙafa, har suka raba ta kaca-kaca. Kowa ya kai rabonsa bayan ɗaki ya binne, yana ba shi ruwa safe da yamma. Duk suka ruɓe. Da damina ta zagayo ba wadda ta yi sallama a ƙofar kowa, yara suka koma mutuwa, kuma ɗan mai surutun ne farkon wanda aka kai makabarta.

Sai Dada ta dubi garwashi ta ce, "Ku ji da kyau, ba mugunta ta kai su ba. Kowa ɗansa yake ji. Son da suka yi mata ne ya cinye ta."

Na tuna wata shekara Yaya Buba ya tambaya, baki cike da gurjiya, "Dada, to ba ta ƙara dawowa ba ke nan?"

Ta ce, "Oho. In ma ta dawo, wanda ya gan ta ba zai gaya maka ba. Tatsuniya ta naɗe tabarmarta, ku ma ku naɗe taku, ga ladan can yana gyaran murya."

Wallahi na tsani tatsuniyar nan a lokacin. Ina ganin da ni take, don ta kunyata ni gaban yara. Nakan koma ɗaki ina huci, in ƙi cin gurjiyar da aka raba mini.

Ina da shekara goma sha ɗaya, kwana uku da yin ruwan farko, da hantsi Dada ta ce in ɗauko ƙwarya mu je neman ganyen miya. Muka bi burtali, hanyar da shanu ke bi zuwa kiwo, muka yi nisa, sannan ta waiga gabas da yamma ta ratse cikin sabara. Muka gangara wani ɗan kwari da ke riƙe laima, inda wata tsohuwar kanya ke tsaye. A gefen inuwar kanyar ta durƙusa, ta ce, "Gaishe ta."

Na duba. Wasu siraran karare ne suka huda ƙasa, tsayinsu ya kai gwiwata, ba ganye ko ɗaya a jikinsu. A kan kowanne furanni shunayya sun jeru, kowane fure da leɓe faffaɗa mai fari a ciki, kamar ƙaramin ludayi. Duk yawon dajin da nake yi ban taɓa ganin irinsu ba. Na ƙirga, guda tara ne. Na ce, "Dada, ashe da gaske ne?"

Ta ce, "Kwana goma take yi ta ɓace. Ganyen da ke fitowa bayanta ba ka raba shi da ciyawa. Shi ya sa ta kai yau."

Na tambayi sunanta. Ta ce ta ji shi a bakin uwarta, amma ba ta faɗarsa, kamar yadda ba ta faɗar sunan ɗanta na fari. Baƙuwa ya isa. Ta karyo itacen geza ta fara tono a hankali, ta ce ƙarfe ba ya zuwa nan, don ƙarfe yanka yake bai san me ya yanka ba. A ƙarƙashin ƙasa, wajen zurfin taki guda, saiwar ta yi dunƙule-dunƙule a jere, farare, kowace shekara da nata. Ta ɓalle mafi tsufa guda ɗaya, ta mayar da ƙasa ta danne da tafin hannu. Shi take shanyawa ta daka ta ba yaran da suka rame. Ko shi ke warkar da su, ko nonon da take durawa da shi, Allah ne masani. Ni dai na ga yaran da suka tashi.

Muna zaune ta gaya mini cewa da ƙuruciyarta wuri uku ta sani. Na wajen Gagarawa, inda uwarta ta fara kai ta, ya zama gona. Na biyun masu tallar magani suka gano shi, suka tone shi cikin buhu suka kai kasuwa, ko ɗaya ba su bari ba. Ita da kanta sau biyu tana gwada dasawa a bayan ɗaki, yana ruɓewa. "Wannan ne ya rage," in ji ta. "Ko ubanki, ko Buba, ko mijin da za ki aura, kada ki faɗa. In kin tsufa ki nemi yarinya ɗaya ki kawo ta."

Na ce, "To me ya sa ni, bayan kin ce bakina ba ya ajiyuwa?"

Ta ce, "Don duk cikinku ke kaɗai kike tsayawa ki kalli abu. Bakin kuwa yau zai fara koyon zama." Ta yanko reshen sabara ta ba ni, muka fito da baya ina share sawunmu.

Na riƙe. Har Dada ta rasu, har na yi karatu, na yi aure a Gumel, na kama koyarwa a firamare, ban taɓa buɗe baki ba. Duk shekara in aka yi ruwan farko sai in ƙirƙiro zuwa gaisuwa gida. In shiga motar haya, in sauka in hau babur, washegari in ce zan je ganin tsohuwar gonar Dada. Ban taɓa tona ba, don 'ya'yana asibiti nake kai su. In je dai in tsuguna in kalla, in share sawuna in dawo. Tara suka koma shida, wata shekara huɗu. Gonaki suna ta cin burtali daga gefe da gefe, masu itace sun ƙarar da geza, ruwan ma ba ya zama a kwarin kamar da. Ina gani, hankalina na tashi, amma ban san wanda zan kai wa kuka ba, tunda kukan ma ba na faɗa ba ne.

Wata bazara na je suna gidan Yaya Buba. Bayan an watse muna zaune a zaure, sai ya ce mini yana murna, "Malama, bana riɗi zan yi da gaske. Kin ga yadda ake rububinsa ran Alhamis a kasuwar Maigatari? Mai unguwa ya ba ni kwarin nan mai kanya, na bayan burtali."

Na ce, "Yaya, ka bar wajen nan mana. Ka nemi wani."

"Saboda me?"

"Ƙasar ba ta da kyau."

Ya kwashe da dariya har da buga cinya. "Yau ga ikon Allah! Mai alli ce za ta koya mini ƙasa? Duk yankin nan akwai inda ya kai shi laima?"

Na ce Dada tana son wurin. Ya ce Allah ya ji ƙanta, ai da tana raye ita za ta fara sa masa albarka. Ya dube ni sosai ya ce, "Kulu, in akwai wata magana ki faɗa. Ko aljanu kika gani?"

Maganar ta zo har bakina, na ji ta a kan harshe. Sai na tuna alkawari. Na kuma tuna ƙanin matarsa yana cikin masu yawo kasuwa-kasuwa da mota da lasifika suna tallar magani, kuma abin da Yaya ya sani da safe matarsa ta san shi da rana. Na ga mutanen tatsuniya da gatarinsu a idona. Na ce, "Ba komai, Yaya. Allah ya ba da sa'a."

Ba wai na saduda ba ne, dabara na yi a raina, kuma dabarar ta 'yar ƙauye ce. Yadda na tashi na gani, sabuwar gona sassabe ake yi mata da gatari, a tara a ƙone, shekarar farko a bi da sungumi a yi shuka, ba a sa mata garma saboda kututture. Wuta ba ta kai zurfin taki, sungumi ma haka. Na ce ina da shekara guda cur in yi tunanin yadda zan ɓullo. Ban sani ba ashe ya haɗa kai da abokansa biyu, sun tumɓuke kututturan tun da rani, sun yi magana da mai tarakta.

Ruwan farko ya faɗi muna tsakiyar jarrabawa, sai da na kwana huɗu na samu tafiya. Tun daga burtali na hango kanyar tsaye ita kaɗai, ba sabara ko ɗaya a gefenta. Ƙasa an juye ta tas daga wannan baki zuwa wancan. Na yar da takalmana na ruga. A inda na saba tsugunawa, fararen gutsattsari ne warwatse a kan ƙasa, faifan tarakta ya yanka su, rana ta fara busar da su, tururuwa na ja. Na ga wani kara ɗaya a kwance da furen da bai kai ga buɗewa ba.

Zama na yi daɓas a cikin ƙasar, mace da 'ya'ya huɗu, na ɗora hannu a ka na yi ta rusa kuka. Tun rasuwar Dada ban yi irinsa ba.

Haka Yaya Buba ya same ni, ya taho da ƙwaryar irin riɗi da ya cuɗa da yashi. Ya ajiye ta ya ce, "Subhanallahi! Wa ya mutu?"

Na nuna masa. Na gaya masa komai, tun daga ranar da Dada ta kawo ni, da itacen geza, da reshen sabara. Abin da na ɓoye shekara ashirin da wani abu, cikin ɗan lokaci na zazzage shi duka, lokacin da ba shi da sauran amfani.

Ya ɗauki gutsure ɗaya yana juyawa a tafin hannu. Sannan ya ce, "Ashe ba tatsuniya ba ce. Kulu, ai na tambaye ki. A zaure na tambaye ki, na ce in akwai magana ki faɗa." Ya auna wurin da ido. "Duka-duka faɗin tabarma biyu ne fa. Da kin ce mini a nan Dada ke samo maganin yara, ni zan sa masa ƙarfe? Da ƙaya zan kewaye shi, in ce wa mai tarakta ya zagaya. Wane irin mutum kika ɗauke ni?"

Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Ya naɗe hannun riga ya durƙusa, ya dinga bin ƙasar da yatsu yana tsince gutsattsarin, ni ma na bi shi. Muka tara abin da bai cika tafi biyu ba. Uku daga ciki suna da ɗan ido kamar za su iya tsira. Muka mayar da su daidai inda nake zaton nan ne, muka danne. Ranar bai yi shuka ba. Magarya ya je ya saro, ya ja ta har wurin, ya yi shinge.

Na daɗe ina juya tatsuniyar nan a raina. Ba na ganin laifin Dada. A zamaninta daji ya fi mutane yawa, abin da ba a sani ba yakan zauna lafiya, mai tona kawai ake tsoro. Ta ba ni maganin ciwon da ta sani. Ni kuwa na zo lokacin da ba sauran dajin da ba a sa wa ido ba, kowane taku yana da mai shi ko mai jiran sa, kuma abin da mai gona bai san da shi ba ƙarfe ne ke fara gaisawa da shi. Ina gani da idona duniya ta canja, amma na ci gaba da share sawu kamar ina 'yar shekara goma sha ɗaya. Tsoron kada in zama mai surutun cikin tatsuniya ya hana ni ganin cewa ɗan'uwana ne zaune a gabana yana roƙona in faɗa. Wannan laifin nawa ne, ba na Dada ba, kuma yana ci mini rai.

Damina huɗu ke nan. Shingen yana nan a tsakiyar riɗi, Yaya bai taɓa bari ya faɗi ba. Shi ba ya ɓoyewa. Duk wanda ya tambaye shi, manomi ko makiyayi, sai ya tsayar da shi ya kwatanta masa furen, ya ce in ya ga irinsa a ko'ina kada ya taɓa, ya zo ya gaya masa. Har tsofaffin matan rugage ya bi yana tambaya. Ba wanda ya taɓa dawowa da labari.

Makon jiya ina cikin aji wayata ta yi ƙara, na ga shi ne, na fita baranda.

Ya ce, "Kulu, an yi ruwa kwana biyar da suka wuce. Kullum ina zuwa da safe."

Na ce, "To, Yaya?"

Ya ce, "Ciyawa ce kawai. Gefen gabas na shingen ya kwanta, gobe zan saro wata ƙayar."

Na so in ce masa ya bari haka, ya shuka wurin ya huta. Na kasa. Na ce, "Allah ya taimaka, Yaya." Na tsaya a baranda har idona ya bushe, sannan na koma wajen yara.